Haikalai, kangaye da rijiyoyin ƙanƙara: muhawara kan gine-ginen lambunan masu gandun Ingila

Rabi'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin gini. Na ga hotunan wani lambu da ake kira Stourhead a gundumar Wiltshire ta Ingila. Tafki ne makeke, a bakinsa ga wani gini mai ƙubba da ginshiƙai shida a gaba, can bisa tudu ga wani zagayayye, ga kogo, ga gadar dutse. Aka ce ba coci ba ne, ba hubbare ba ne, kuma ba a kwana a ciki. To don Allah me aka gina su a yi da su?

Bala: Wa alaikumus salam Malam Rabi'u. An gina su ne don ido da ƙafa, wato don wanda zai zagaya lambun yana kallo. Mai gandun, Henry Hoare na biyu, ɗan gidan masu banki ne a Landan. Ya datse ruwan kwarin ya zama tafki, ya ɗauko mai zanen gini Henry Flitcroft. Mai ƙubbar nan an gina shi a 1753 zuwa 1754, kwaikwayon Pantheon na birnin Roma ne aka ƙanƙanta shi. Na kan tudun kuwa na 1765 ne, an ɗauko fasalinsa daga wani tsohon haikali da ke Ba'albak a Lubnan.

Abin da hoto ba zai nuna maka ba shi ne hanyar. Tana zagaye tafkin, kuma an dasa itatuwa ta yadda za ka hango gini daga tsallaken ruwa, ka yi taku kaɗan ya ɓace maka, ka shiga duhun kogo, ka leƙa ta bakinsa sai ga wani ginin daidai saitin idonka. Tsayin kowane gini da faɗinsa an auna su ne da nisan inda za a tsaya a kalle shi. Ni a wurina nan gwanintar take. Zana haikali shi kaɗai ba wuya, littattafan Italiya cike suke da samfurinsa. Sanin inda za a ajiye shi a cikin kwari shi ne aiki.

Rabi'u: Me ya kai Bature ɗan Ingila kwaikwayon Roma?

Bala: A wancan ƙarnin ɗan babban gida ba ya cika mai ilimi sai ya yi doguwar tafiya zuwa Italiya. Su dawo da zane-zanen irin na Claude Lorrain, masu nuna kwari da ruwa da tsohon haikali a nesa, su ce sai gandunsu ya koma haka. Kuma ba a bar gine-ginen fayau ba. Ana shan shayi a ciki, ana karatu, ana cin abinci da baƙi. A Castle Howard ta Yorkshire akwai wanda John Vanbrugh ya zana, Haikalin Iskoki Huɗu, a ƙarƙashinsa akwai ɗaki inda barori ke shirya abincin da za a hau da shi sama.

Malam Isuhu: Malam Bala, na ji bayaninka, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mutum ya tara magina shekara da shekaru, ya kashe dukiyar da za ta ciyar da gari, don ya sami inda zai sha shayi yana kallon ruwa? Wannan almubazzaranci ne ko da wane suna aka kira shi. Kuma na duba hotunan, cikinsu gumaka ne jere.

Hajiya Asabe: Allah gafarta Malam, ban musa maka kan kashe dukiya ba, zan ma zo wurin. Amma a bar ni in ƙara abu ɗaya, don wasu gine-ginen magana ce aka yi da dutse, maganar siyasa. Je ka Stowe a Buckinghamshire. Mai gandun, Lord Cobham, babban soja ne. A 1733 ya ƙi goyon bayan Robert Walpole, wanda ake lissafawa firaministan Birtaniya na farko, kan wani sabon haraji na taba da giya. Aka ƙwace masa rundunarsa. Ya koma gida ya sa William Kent ya zana masa gine-gine a wani kwari na lambun.

Ɗaya ya kira shi Haikalin Nagartar Mutanen Dā, zagayayye, cikakke, da mutum-mutumin Girkawa huɗu, cikinsu har da Socrates da Homer. Kusa da shi ya gina Haikalin Nagartar Zamani, amma da gangan aka yi shi rusasshe, da mutum-mutumi marar kai, wanda mutanen lokacin suka ɗauka Walpole ake nufi. A tsallaken ruwa kuma ga wata katanga mai lanƙwasa da gurabe 16, kowane da siffar wani da Cobham yake ganin ya yi wa ƙasa hidima: Sarki Alfred, Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, Isaac Newton, John Locke da sauransu. Ba wanda ke yi musu sujada. Duk baƙon da ya zagaya ya san abin da mai gida yake faɗa wa gwamnati ba tare da ya buɗe baki ba.

Malam Isuhu: Hajiya, habaici da dutse kenan. To talakan da ke noma a wurin fa, shi ma an tambaye shi?

Hajiya Asabe: Ba a tambaye shi ba, Malam, kuma wannan ne ya fi ci mini rai a duk tarihin. A Stowe ɗin akwai ƙauye a dā. Lambu ya yi ta faɗaɗa har ƙauyen ya ɓace, cocinsu kaɗai ya rage, shi ma aka kewaye shi da itatuwa don kada ya ɓata kallo. A Nuneham Courtenay kusa da Oxford, wajen 1760, Lord Harcourt ya tashi ƙauye sukutum ya mayar da shi bakin babbar hanya, ya rushe tsohon cocin, a 1764 ya gina sabo mai ƙubba wanda daga nesa sai ka ce haikalin Roma, don ya dace da lambunsa. A Milton Abbas ta Dorset, Joseph Damer ya tashi gari guda mai kasuwa a shekarun 1770 saboda ya yi kusa da tagoginsa. Filin nan mai laushi da kake gani a hoto kamar haka Allah ya halicce shi, sau da yawa akwai tushen gidajen mutane a ƙarƙashin ciyawar.

Nura: Anti Asabe, bari in ɗora. Ina karatu a Leeds, kuma gidan Harewood yana nan kusa da mu. Dukiyar iyalin Lascelles da suka gina shi daga gonakin rake na Barbados da sauran tsibiran yankin ta fito, wato daga gumin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Da aka yi dokar 'yanta bayi a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayin diyya, bayin kuwa ko sisi. A 2020 ƙungiyar National Trust, wadda ke riƙe da da yawa daga cikin irin waɗannan wurare, ta fitar da rahoto ta lissafa wurare 93 da ke hannunta masu alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka. An yi ta ce-ce-ku-ce a jaridunsu, wasu na cewa an ɓata musu wurin shaƙatawa.

Bala: Duk gaskiya ne Nura, kuma ya kamata a rubuta shi a ƙofar shiga kowane gidan da abin ya shafa. Sai dai kada mu yi musu kuɗin goro. Hoare da kuɗin banki ya gina Stourhead. Cobham da albashin soja da dukiyar matarsa, 'yar wani mai kamfanin giya. Kowane gandu da tarihin aljihunsa, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan sanin inda kuɗi ya fito bai hana ni in tsaya in koyi yadda aka ɗora ƙubba a kan zagayayyen bango ba. Hannun da ya sassaƙa dutsen ba shi ya mallaki bayi ba.

Hajiya Asabe: Ban ce kada a koya ba, Malam Bala. Cewa na yi a koya da ido biyu a buɗe.

Zulai: Malam Bala, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne zancen gina abu rusasshe da gangan. Mu nan kango abin kunya ne, alamar gida ya mutu ko magada sun kasa. Yaya za a ce mai kuɗi ya biya a gina masa kango?

Bala: Zulai, ku da kuke karatun zane wannan darasi ne babba. A Wimpole ta Cambridgeshire akwai wata hasumiya da guntayen ganuwa a kan tudu, ka rantse ragowar fadar yaƙi ce ta shekara ɗari biyar. Sanderson Miller ya zana ta, aka gina tsakanin 1768 da 1772, sabuwa fil amma a karye. Dalili biyu ne. Na farko ido yana son abin da zai sauka a kai a ƙarshen fili. Na biyu tsufa daraja ne a wurinsu: iyalin da bai daɗe da yin arziki ba yana son a ga kamar kakanninsa sun yi ƙarnuka a wurin.

Kuma ki sani gina kango ya fi gina lafiyayyen ɗaki wuya ta wata fuskar. Bangon da ba rufi ruwa yana shiga ta kansa, sanyi ya daskarar da ruwan, dutse ya tsage. Dole magini ya san inda zai karya layin duwatsu ya zama kamar faɗuwa ya yi, alhali nauyin yana zaune daram.

A Painshill ta Surrey, Charles Hamilton ya fara aiki a 1738, kuma shi ba shi da kuɗi kamar su Cobham. Sai ya koma ga dabara. Haikalinsa mai tsinin bakuna katako ne aka shafe shi ya yi kama da dutse. Kogonsa kuwa, abubuwan da ke reto daga rufi katako ne aka manna wa ƙyalƙyalin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka bashi ya ci shi, ya sayar da gandun a 1773.

Hajiya Asabe: Akwai kangon da ba na ƙarya ba ne, kuma labarinsa ya taɓo mu. A Virginia Water, cikin gandun sarauta na Windsor, akwai ginshiƙan Romawa na gaske a tsaitsaye. Daga Labda aka kwaso su, tsohon birnin Leptis Magna a gaɓar tekun Libiya. Jakadan Birtaniya a Tarabulus, Hanmer Warrington, shi ya shawo kan Yusuf Karamanli mai mulkin Tarabulus ya ba da su kyauta ga gidan sarautar Ingila. Suka iso a 1818, suka yi shekaru a yashe a harabar gidan tarihi na Landan, sannan a shekarun 1820 Jeffry Wyatville ya jera su a matsayin kango don Sarki George na huɗu. Ya haɗa ginshiƙin wannan gini da kan wancan, yadda ya ga zai yi kyau.

Wannan Warrington ɗin kuma shi ne ya shirya wa su Clapperton, Turawa masu binciken ƙasashe, hanya suka tashi daga Tarabulus a 1822 suka keta Sahara zuwa Borno, har Clapperton ya shiga Kano a 1824 ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ofishi ɗaya ne ya aika duwatsu arewa, ya aiko 'yan leƙen hanya kudu.

Nura: Anti, wannan ban taɓa haɗa su ba. Kuma Libiyawa ba su da ta cewa har yau?

Hajiya Asabe: Duwatsun dai suna nan Windsor. Za a ce maka kyauta ce. Ni kuwa ina tambaya, mai mulki yana da ikon kyautar da abin da aka gina shekara dubu da ɗari biyar kafin a haife shi?

Rabi'u: To daga Roma da Girka kawai suke kwaikwayo?

Bala: Ina! Duk inda jiragensu suka je sai sun ɗauko fasali. A lambun Kew, William Chambers ya gina wa Gimbiya Augusta hasumiya irin ta Sin a 1762, hawa goma, tsayin kusan mita 50, tana nan har gobe. Kusa da ita a 1761 ya gina abin da ya kira masallaci, da babbar ƙubba, ƙanana biyu da hasumiyoyi biyu, da rubutun Larabci daga Alƙur'ani a saman ƙofofi. Bai daɗe ba aka rushe shi. A Sezincote ta Gloucestershire kuma, wajen 1805, Charles Cockerell da ya yi arziki a kamfanin Gabashin Indiya ya gina gida da lambu a fasalin sarakunan Mughal na Indiya, da ƙubba mai siffar albasa.

Malam Isuhu: Subhanallah. Masallacin da ba alƙibla, ba liman, ba mamu, a ɗora masa ayoyi don 'yan yawon shan iska su kalla. Malam Bala, wannan kam ba zan kira shi gwaninta ba. Abin da wasu ke tsarkakewa an mayar da shi kayan ado.

Bala: Allah gafarta Malam, a nan ba ni da ja. Chambers ya ɗauki siffa ya bar ma'ana. Masallaci daga sahu da alƙibla yake farawa, ƙubba daga baya take zuwa.

Baba Tanko: Salamu alaikum. Jikana ne yake karanto mini, ni magini ne, shekaruna sun ja. Na ji haikali, na ji kango. Ina tambaya, duk faɗin gandun nan babu ginin da ke aiki? Ina suke ajiye abinci, ina ma'aikata suke kwana?

Bala: Baba, sannu da zuwa, ka taɓo inda ni na fi so. Akwai su, an dai ɓoye su a bayan itatuwa. Ɗauki rijiyar ƙanƙara. Rami ne mai zurfi mai siffar ƙwai, tsininsa a ƙasa, an ɗaure shi da jan bulo, sau da yawa bango biyu da iska a tsakani. Sama ƙubba ce aka rufe da ƙasa, aka dasa itatuwa don inuwa. Ƙofa tana duban arewa inda rana ba ta bugu, kuma kafin ka kai ramin sai ka bi siririn lungu mai ƙofofi biyu ko uku, ka rufe ta baya kafin ka buɗe ta gaba. Da hunturu tafki ya daskare, ma'aikata su fasa ƙanƙara su loda a amalanke, a zuba a daddaka ta ta zama dunƙule guda, a rufe da tattakar alkama. A gindin ramin akwai magudana, domin ruwan da ya narke in ya kwanta shi ke cinye sauran. Siffar ƙwan kuma tana sa dunƙulen ya riƙa zamewa ƙasa yana matsewa yayin da yake raguwa. Haka za a sha abu mai sanyi a tsakiyar bazara ba lantarki.

Baba Tanko: To wannan shi ne gini. Wanda ya yi tunanin magudanar nan ya san ruwa. Waye shi?

Bala: Baba, yawanci ba a rubuta sunayensu ba. Mun san wanda ya zana haikali, mun san wanda ya biya, amma wanda ya ɗaure bulon rijiyar sai dai a tarar da shi a littafin biyan lada, in an dace.

Nura: Baba, akwai kuma lambun kayan miya, wanda ake kewayewa da doguwar katangar bulo. Bulon yana shan rana da yini ya sake ta da dare, sai a manna itatuwan marmari a jikin bangon da ke duban kudu. Wasu bangayen ma rami gare su a ciki, ana hura wuta hayaƙi ya bi ta ciki ya ɗumama su. A Heligan ta Cornwall akwai ramin abarba da ake ɗumamawa da kashin doki yana ruɓewa. Samarin da ke aikin kuwa a wani ɗan ɗaki suke kwana a bayan katangar ta arewa, gefen da ba rana, don su tashi cikin dare su ƙara wa wuta kwal.

Zulai: Ɗakunan gilashin fa, Yaya Nura? Su ma na wancan zamanin ne?

Nura: Na farko-farkon ɗakunan lemo ne, bangon dutse da dogayen tagogi a kudu, a shigar da itatuwan cikin tukwane in sanyi ya zo. Gilashi yana da tsada saboda haraji, sai a 1845 aka soke shi. Amma tun kafin nan Joseph Paxton, shugaban masu lambu a Chatsworth ta Derbyshire, ya gama wani a 1840 mai tsawon mita 84, keken doki yana ratsa tsakiyarsa. Tukwanen ɗumama ruwa takwas ne a ƙarƙashin ƙasa, ana kai musu kwal ta hanyar rami don kada baƙi su ga baƙin aiki. A Chatsworth ɗin ne ya raini irin ayabar da ake kira Cavendish, sunan iyalin gidan, wadda ita ce yau ta cika kasuwannin duniya. Shi ne kuma ya zana Crystal Palace na 1851, katafaren ɗakin gilashi na baje koli a Landan. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, ba kwal, ba ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe ɗakin gilashin Chatsworth ɗin a 1920.

Malam Isuhu: Kun gani. Abin da aka gina a kan wadatar mutum ɗaya, ranar da wadatar ta tafi shi ma ya tafi.

Hajiya Asabe: Stowe ma haka, Malam. Magajin gidan, Duke na Buckingham na biyu, ya ci bashi har ya karɓi baƙuncin Sarauniya Victoria a 1845, a 1848 aka yi gwanjon kayan gidan. A 1923 gidan ya zama makaranta, a 1989 National Trust ta karɓi lambun. Stourhead tun 1946 yake hannunta. Yau jikokin waɗanda aka tasa daga ƙauyuka suna biyan kuɗin ƙofa su shiga.

Bala: Amma suna shiga, Hajiya, kuma kuɗin ƙofar ne ke gyara rufin. Haikalin da James Gibbs ya zana a Stowe a 1741, mai kusurwa uku da jan dutse, ƙungiyar Landmark Trust ta gyara shi, kowa yana iya kama hayarsa ya kwana. Ginin da ba a amfani da shi shi ne ke fara mutuwa.

Baba Tanko: Da me suke gyaran? Kada ka ce mini siminti.

Bala: A'a Baba, da farar ƙasa, irin wadda aka gina su da ita tun farko. An yi zamanin da aka yi ta cusa siminti a tsakanin duwatsun, aka ga ɓarnarsa. Siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa ya maƙale a ciki, dutsen ya riƙa ɓarewa, layin simintin ya rage a tsaye. Farar ƙasa kuwa tana da laushi, tana barin bango ya bushe, in gini ya motsa ita ce ke tsagewa a sake cikawa. Suna da ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa tun 1877, har yau tana koyar da magina wannan aiki.

Baba Tanko: Abin da nake gaya wa masu gidajen ƙasa kenan in sun ce in yi musu filastar siminti a kan bangon tubali. Shekara kaɗan za ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, ƙasar ta jiƙe a ciki ta rabu da shi. Malam Bala, in kana da zanen rijiyar ƙanƙarar nan da aka yanka ta tsakiya, turo wa yaron nan ya nuna mini. Ina so in ga kaurin bangon da yadda suka bi da magudanar ta fita daga tudun.

Bala: Zan zana maka da hannuna in turo bayan la'asar, Baba, da ma'auni a jiki.